Bangon da Kawu Ya Hana a Yaɓe

Daga Allah muke, kuma can za a mayar da kowa. Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Tudun Wada, bayan ɗaukewar ruwan bana, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Wannan na faɗe shi da zuciya ɗaya. Abin da zai biyo baya kuwa raina a ɓace zan faɗe shi, wanda bai ji daɗi ba ya yi haƙuri da ni.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma shi ne malamin wasanni na makarantar lardi da muke kira makarantar Tudu tun ranar da aka buɗe ta har ƙarfinsa ya ƙare. Gidansa na jingine da filin makarantar. In ka zauna a ƙofar zaure ka dubi hagu, za ka ga wani bangon ƙasa da ruwa ya zaizaye, kansa ya zube, jikinsa duk rami. A kan wannan bango nake magana, kuma a kansa Kawu ya mutu yana jira.

Da la'asar ɗin ranar mutane suka cika ƙofar gida. Mutanen unguwa sun zo, sun yi addu'a, sun ce ya haƙuri, sun tashi. Wani tsohon maƙeri daga Kwangila, wanda ya yi makarantar sana'a ta Gangare yana yaro, ya zauna ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini, ya ce, "Sau da yawa hannun nan ya yaɓe muku bango, ku ma kun yaɓe mana. Allah ya gafarta wa Malam." Ya share ido da bakin rawani ya tafi. Shi kaɗai ya yi ta'aziyyar da ta shiga raina.

Can sai ga mota ta tsaya. Malaman kwalejin Hayi ne, da manyan riguna, ƙamshin turare ya riga su isowa. Babbansu ya gyara murya ya ce marigayi uban wasa ne a lardin nan, ba a taɓa yin kamarsa ba, kuma kwaleji ta yanke shawarar sa kofi da sunansa, a riƙa gasa a kai duk shekara. Jama'a suka ce madalla. Ni kuwa na zuba musu ido in ga ko ɗaya zai juya hagu ya dubi bangon. Wallahi ko ɗaya. Wuyansu ya sandare kamar masu sanƙarau. A gefensu taubashina yana zaune, ɗan Kawu na cikinsa, wanda shi ne malamin wasanni na kwalejin, kansa a ƙasa, hannun rigarsa duk jar ƙasa. Zan zo kan wannan ƙasar.

Daga cikin gida Inna, matar Kawu, ta aiko a tambaya su wane ne masu mota. Da aka gaya mata, sai ta ce a kai musu ruwa, amma a kwanon da ake ba baƙi, ba na 'yan gida ba. Ta faɗi haka alhali ɗanta na zaune cikinsu.

Kofi! Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya dubi garkuwar gasa ba ko a shekarun da take rataye a ofishin makarantarmu, shi za a saka wa da kofi. Shi ya sa na ce sai na rubuta, don kada nan gaba yara su ga suna a jikin kwanon azurfa su ɗauka abin da mutumin ya nema ke nan.

Wasan ƙwallon bango ake yi. Ga wanda bai sani ba, fili ne kamar ɗaki marar rufi, bango dogo a gaba, gajeru biyu a gefe, mutum biyu a kan mutum biyu. Ana dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu ta bugi bango ta dawo, wanda ya kasa mayarwa an ci shi. Baturen makaranta ne ya kawo shi, lokacin Tudun Wada ba ta wuce 'yan layuka ba, jirgin ƙasa ma mutane na zuwa kallonsa. Bature ya ce a ƙasarsu da dutse ake gina bangon. Kawu ya ce mu ƙasa muke da ita. Ya tara mu muka buga tubali, aka kira magini ya ɗora, aka yi yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa mai ƙara wa ƙasa ƙarfi, mata suka daɓe ƙasan. 'Yan makarantar Gangare, masu koyon ƙira da sassaƙa da gini, suka gani suka gina nasu. Daga nan gasa ta tashi, ana yin ta da bazara kafin a ba da hutu.

Shekarun farko na Gangare ne, kada wani ya gaya muku ƙarya. Yaran da ke riƙe guduma tun safe, tafinsu kamar tafin raƙumi, in suka daki ƙwallo sai ka ji ta wuce kunnenka. Mu masu riƙe alli suka yi ta cin mu. Bayan cin farko aka tafi hutu, damina ta sauka ta wanke bangunan biyu. Da aka dawo da kaka, muna zaton namu za mu gyara, sai Kawu ya aro jakuna, ya sa muka ɗebo jar ƙasa daga kududdufin hanyar Tudun Jukun, muka nufi Gangare. Muna isa ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya shiga kwaɓi da ƙafafunsa a gaban yaran da suka ci mu. Malamin Gangare ya fito a ruɗe yana cewa haba Malam, me ya yi zafi. Kawu ya ce, "A kan bangon nan aka koya mana wasa. Za mu gyara shi mu tafi."

Daga ranar ya zama al'ada, ba Bature ya sa ba, ba a rubuta a ko'ina ba. Wanda aka ci da bazara, shi zai zo da kaka ya yaɓe bangon wanda ya ci shi, sannan ya koma ya yi nasa. Kawu yakan faɗe shi a gajarce da an busa usur na ƙarshe: "Wanda aka ci ya nemi jaki." Har a gida, in Inna ta kayar da shi a gardama, sai ya miƙe yana cewa bari ya je ya nemi jaki.

Da zamani ya juyo wajenmu muka fara cin Gangare, sai muka ga ɗaya rabin al'adar. Ranar da za su zo yaɓe, tun asuba Inna take kan murhu. Mu da muka ci, mu ne masu ɗebo musu ruwa, mu ne masu miƙa ƙasa, mu ne masu dama fura. Ba dariya, ba gori. Akwai shekarar da wani ɗan ajinmu ya tsaya bayan wani ɗan Gangare yana kwaikwayon kukan jaki. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya kira shi, ya ɗora masa kwandon ƙasa a ka, ya sa shi yini yana bin wannan yaron yana miƙa masa, in ya miƙa kuma ya ce ranka ya daɗe. Da yamma yaran biyu kwano ɗaya suka ci tuwo.

In an gama yaɓe ba a taɓa abinci sai Kawu ya duba. Zai rufe ido, ya ɗora tafinsa a jikin bango, ya bi shi a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kowa ya yi tsit, ga yunwa, ga ƙamshin miya. In ya ji tudu ko kwari sai ya ce, "Sake." In ya kai ƙarshe ya buɗe ido ya ce, "Ya yi," sai ka ji yara sun saki numfashi gaba ɗaya. Mutum ne mai rowar yabo. Na zauna a hannunsa tun ina ƙarami har na yi furfura, ban taɓa jin ya ce wa ɗan Adam "ya yi" a kan wani abu ba in ba yaɓe ba.

Amma hannunsa ba ya rowa. Farkon shekara tafin sababbin yara kan kumbura ya fashe, don mu ba mu san safar hannu ba. Bayan wasa yakan zaunar da su a zaure, ya ɗauko man kaɗanyar Inna, ya riƙa murza musu ɗaya bayan ɗaya yana faɗa: wai hannu kamar na amarya, wa ya aiko ku. Inna ta gaji da ɓoye man, don duk inda ta sa sai ya gano.

Ni da taubashina tare muke wasa, shi a gaba ni a baya. Bawansa yake kira na, kamar yadda ɗan namiji kan kira ɗan mace, ni kuma in ce ubangidan da ba ya iya cin wasa sai bawa ya tsaya masa. Gaskiya ya fi ni hannu nesa ba kusa ba, hagunsa da damansa duk ɗaya. Yaɓe ma ya fi kowa iyawa. In ya shafe wuri, tafin Kawu wucewa yake ba tsayawa. Kawu bai taɓa faɗa ba, amma duk wanda ya ga yadda yake kallon yaron ya san inda ransa yake.

Sai aka buɗe kwaleji a hayin rafi. Gwamnati ta ce a nan za a horar da malamai da akawuna na gobe. Ba da daɗewa ba aka rufe makarantar Gangare, aka ce a haɗe ta da wata, yaranta suka watse, bangonsu ya zama mafakar awaki. Muka rage mu da Hayi. Shekarar farko mun ci su ba wahala, don ba su da kowa, kuma sun zo sun yi yaɓe, suna yi suna duban rigunansu. To daga nan aka fito da dabara. Duk ƙarshen shekara sai a zo da jarrabawa a tsince manyan yaranmu a haye da su. Kawu ya ɗauki yaro bai san hagu da dama ba, ya murza masa hannu da man matarsa, ya koya masa tsayuwa da duka, sai ya nuna ya isa ci, a zo a ɗauke, da bazara a dawo da shi cikin farin wando ya ci ƙannensa. Wai wannan ita ce gasa. Mu ke shuka, su ke girbi, sannan a tara mu a fili mu tafa musu.

A haka aka ɗauki taubashina. Ni jarrabawa ba ta ɗauke ni ba, na tsaya a Tudu har na zama ƙaramin malami a ƙarƙashin Kawu. Ranar da zai haye, Kawu ya raka shi bakin rafi, abin da ya ce masa kawai shi ne, "In kun ci mu za mu zo. In mun ci ku, ka san hanya."

Suka yi ta cin mu. Aka gina musu bango na siminti, santsi kamar faranti, aka kawo musu safar hannu ta fata daga Ingila, aka mayar da gasa can don wai nan ne Razdan, Baturen da ke mulkin lardi, zai sami inuwa. Garkuwa ta haye ba ta dawo ba. 'Yan kallo ma suka bi ta. Duk wannan Kawu ya shanye. Abin da bai shanye ba shi ne abin da aka yi mana a ƙofa.

Kakar farko bayan simintin, ya aro jakuna kamar kullum, muka ɗebo ƙasa, muka haye. Mai gadi ya tare mu. Aka kira wani malaminsu ya fito da littafi a hammata, ya dube mu, ya dubi jakunan, ya danne dariya ya ce, "Malam, ai bangonmu ba ya son ƙasa. Ku koma abinku, an yafe."

An yafe. Ka ji fa. Sai ka ce bara muka zo. Kawu ya ce to a ba mu tsintsiya mu share filin, ko farar ƙasa mu shafa, ko ruwa mu wanke. Aka ce akwai leburori. Ɗalibai sun fito baranda suna kallo, wasunsu hannun Kawu bai daɗe da barin tafinsu ba. Muka juyo da jakuna da kayansu. Da muka iso gida, a zaure ya ce wa Inna, "Sun ci mu, sun kuma hana mu zama waɗanda aka ci." A ranar ko ruwan miya bai taɓa ba. Kuma duk da haka, duk kaka sai ya aro jakuna mun je, a kore mu, mu dawo. Masu jakunan har sun san lokaci, sukan kawo da kansu.

Shekaru suka tafi. Taubashina ya gama karatu, aka riƙe shi a can, ya zama malamin wasanninsu. Sannan wata bazara Allah ya kawo mana wasu 'yan biyu, 'ya'yan wani mahauci, waɗanda jarrabawa ta tsallake saboda lissafi ya gagare su. Abin da suka rasa a aji Allah ya zuba musu a hannu. A kan simintin Hayi, a gaban Razdan, suka ci manyan 'yan wasan kwaleji ci mai kyau, ba gardama, ba a ce alƙali ya yi son kai ba. Kawu ya miƙe daga kan buzunsa, ya taka har gaban ɗansa, ya faɗa a hankali, ba gori a muryarsa, "Wanda aka ci ya nemi jaki." Taubashina ya yi murmushi ya ce, "To, Baba."

Ban taɓa ganin Kawu da farin ciki irin na wannan damina ba. Duk ruwan da ya sauka sai ya fita ya dubi bango yana jin daɗi, wai bari ya ci da kyau, masu gyara na zuwa. Ya sa Inna ta tanadi ɓawon ɗorawa na makuba, ya sayi rago ya ɗaure. Ruwa ya ɗauke. Aka koma makaranta. Sati ya wuce, wata ya wuce, ba kowa.

Ni aka aika. Na sami taubashina a ofishinsa, na ce ubangida, bango na jira. Bai amsa zolayar ba. Ya ce ya yi magana, shugaban kwaleji ya ce ɗalibansa ba leburori ba ne, gobe su ne alƙalai da akawuna, ba za a gan su cikin taɓo a Tudun Wada ba. Na ce to kai fa, kai ma alƙali ne? Ka ɗauko yara biyu, ko ka zo kai kaɗai ranar Lahadi, wa zai hana ka gyara bangon ubanka? Ya ce, "Ba ka gane ba. In na zo, da sunan kwaleji na zo. Ina da aiki, ina da iyali. Ka ce wa Baba zan san abin yi."

Abin yin nasa shi ne ya turo magina. Da safe muka gan su da jakunansu da kayan aikinsu, sun ce an biya su, aiki kawai za su yi. Kawu ya fito ya gaishe su da mutunci, ya tambayi babbansu, "Sarkin magina, ku aka ci?" Mutumin ya ce shi bai san ma wasan ba. Kawu ya sa aka ba su fura, ya raka su bakin hanya. Ya dawo ya tsaya a gaban makaranta duka ya ce yaɓen bangon nan ba namu ba ne, kada wanda ya sa masa ko dunƙulen ƙasa, masu shi za su zo. Ragon nan har ya tsufa a turke, sai da layya ta ci shi.

A nan ne ni da Kawu muka raba hanya, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Damina ɗaya bango ya jure. Ta biyu ya fara rami, ƙwallo ta bugi wuri ta tashi inda ta ga dama. Ta uku kansa ya fara zuba. Yara suka rasa wurin koyo. Bazarar da ta biyo ko zuwa gasa ba mu yi ba, don ba mu da wanda za mu kai. Na same shi a zaure na ce, "Kawu, don Allah ka bari mu yaɓe. Mutanen nan ko a jikinsu. Su ba su rasa komai ba, mu ne muke mutuwa. Yaran da ke aji yanzu me suka yi maka?"

Ya ce, "In muka yaɓe, an gama. Daga ranar mai ƙarfi ya ci ya tafi, a ci shi ma ya tafi. To me za ka koya wa yaran naka, dukan ƙwallo?"

Na ce ko dukan ƙwallon ne ai ya fi babu. Na ce girman kai ne ke damunsa, ba al'ada ba. Na ce ɗansa yake jira, ba kwaleji ba, kuma yana hukunta 'ya'yan mutane a kan laifin ɗansa. Wannan ta ƙarshe ta same shi, na gani a fuskarsa. Ya dubi tabarma ya ce, "Zai zo. Ka san hannunsa." Na yi tsaki a gabansa, abin da ban taɓa yi ba, na fita. Har yau ina ganin gaskiya na faɗa. Wasan ƙwallon bango ya mutu a Tudu, kwaleji ta kashe shi, Kawu kuma ya riƙe mata ƙafa. Haushin su biyun nake ji, sai dai ɗaya ya biya da ransa, ɗayan ya zo da kofi.

Taubashina bai daina zuwa gida ba, kada a ce na yi masa ƙazafi. Duk Juma'a yana zuwa gaisuwa, da goro, da sabulu, da turmin atamfa na Inna in salla ta zo. Amma ta bayan layi yake zagayowa don kada ya bi ta gaban bangon. Su gaisa, su yi maganar ruwa da hatsi, ya tashi. Uban bai sake tambaya ba, ɗan bai sake ambata ba. Inna ce kawai wata rana ta ce masa, "Sabulun nan naka, me za mu wanke da shi? Ba wanda ya ɓata hannu a gidan nan." Ya yi kamar bai ji ba.

Da Kawu ya bar aiki, ƙafa ta ƙi, sai ya sa aka mayar da shimfiɗarsa ƙofar zaure, fuskarsa hagu. Da zarar ruwa ya ɗauke sai ka ga ya fara sauraro. In ya ji takun jaki a layi sai ya ɗago, in ya ga mai itace ne ko mai gawayi sai ya koma. A ciwonsa na ƙarshe na sunkuya kusa da shi na ce, Kawu, ka yarda in je in ɗauko shi ko da faɗa ne. Ya girgiza kai ya ce, "Ba a ɗauko mutum. Zuwa yake yi." Kwana kaɗan bayan haka ya cika.

Yanzu ga maganar jar ƙasar hannun riga.

Da aka sa shi a kabari, aka jera itace, aka rufa fasassun tukwane, sai aka nemi wanda zai kwaɓa ƙasa a toshe, kamar yadda ake yi wa kowa. Masu haƙa suka matso. Taubashina ya ture su. Ya cire babbar riga ya miƙa wa na kusa, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga kwaɓi da ƙafafunsa, malamin kwaleji guda, a gaban mutanen Tudun Wada duka. Ya ce a ƙaro ruwa. Ya durƙusa ya fara yaɓe. Jama'a, hannun nan bai manta komai ba. Ya toshe kowace kafa, ya bi ya shafe, ya jiƙa tafi ya sake bi, wurin da za a tura wa ƙasa nan take ba mai sake gani, ya mai da shi sumul kamar za a buga ƙwallo a kai. Liman ya ce ya isa haka. Bai ji ba. Ni ina tsaye a kansa ina kallo. Ashe gwiwar tana lanƙwasuwa. Ashe taɓo ba ya kashe malami. Aikin da bai kai yini ɗaya ba, Kawu ya zauna yana jiransa har ido ya dushe.

Da ya gama sai ya tsaya a durƙushe, hannuwa a buɗe, yana dube-dube kamar yaron da ya kammala aikinsa yana jiran a zo a duba. Idonsa ya sauka a kaina. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, ya ce, "Bawana, ya yi?"

Na so in ce masa e. Wallahi na so, don tare muka tashi, kuma aikin ya yi. Amma ba bakina ne ke faɗar wannan kalma ba. Na ce, "Mai faɗar haka yana ƙarƙashin hannunka." Sai aka tura ƙasa.

Ku riƙe kofinku, mutanen Hayi. Bangon yana nan hagu da zaure, abin da ruwa ya rage, kuma Inna ta ce muddin tana numfashi ba mai taɓa shi, ko mu ko su. Allah ya gafarta wa Kawu taurin kansa, ya saka masa da man da ya murza a tafin 'ya'yan mutane, ya haskaka kabarin da aka yaɓe masa da kyau.